Zugun Masanawa

Badi'a ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Gwarzo. Ita ke duba masu awon ciki, in lokacin rigakafi ya zo kuma a tura ta ƙauyuka. Mijinta Lukuman malamin gona ne. Duk unguwarsu an san tana da keken ɗinki, an kuma san ba ta ɗinkin kuɗi. Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne abin da take ɓata lokacinta a kai, domin keken yakan yi wata guda a rufe, ita kuwa kullum da allura a hannu.

Kayan mutanen dauri take ɗinkawa. Tun tana makarantar koyon jinya ta fara, ranar da ta ji wani tsoho mara lafiya yana kwatanta hular haɓar kada mai kunnuwa biyu. Ta koma ɗaki ta gwada, ta ɓata, ta sake. Daga nan ta yi 'yar shara, ta yi wando mai kamun ƙafa wanda hantsarsa ta kusa taɓa ƙasa. Babu mai sa su. In ta gama sai ta shimfiɗa a kan gado ta yi ta kallo har ta gano inda ta kuskure, sannan ta ninke ta sa a akwati.

Matan unguwa sukan tambaye ta, "To wa zai sayi wannan?"

Ta ce, "Ba na sayarwa ba ne."

"To na mene ne?"

Ba ta taɓa samun amsar da ta gamsar da su ba, har ta daina ƙoƙari.

Babban burinta shi ne taguwar kakanta. Kakan nata ya yi fataucin goro da jakai tun kafin mota ta san hanyar garinsu, ya kuma bar taguwa guda ɗaya a Lakwaya, a hannun Gwaggo Uwaliya, yayar mahaifin Badi'a. Fara ce ta saƙar hannu, mai faɗin hannuwa irin ta matafiya, ta koma ruwan ƙasa don tsufa, asu ya cinye rabin bayanta. Da ƙyallaye sirara aka haɗa ta, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba, an ɗinke su gefe da gefe yadda sai an ɗaga ta a rana za a ga layin ɗinkin. Akwai aljihu daga ciki, daidai ƙirji. A hammata kuma an sa wasu 'yan ƙyallaye masu kusurwa uku, waɗanda Badi'a ta kasa gane yadda aka zaunar da su.

Ta roƙi Gwaggo ta ara mata ko na mako ɗaya ne.

Gwaggo Uwaliya ta ce, "Ki kalla a nan, ki taɓa a nan. Rigar Baba ba ta fita ɗakin nan, ko ubanki bai fitar da ita ba."

Dole Badi'a ta riƙa zuwa Lakwaya da tef ɗin awo, ta tsuguna a bakin ƙofa inda haske ya fi, Gwaggo na tsaye a kanta tana cewa ta yi a hankali.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambayarta amfanin abin ba, wato Kaneng, 'yar Filato, malamar girki da ɗinki a wata makarantar 'yan mata a Kabo. A wajen awo suka haɗu, lokacin Kaneng na da cikin ɗanta Promise. Ita ta san yankan fasali, ita ta koya wa Badi'a ta fara yanka komai a takardar buhun siminti kafin ta kusanci yadi da almakashi. Ranar Asabar in Kaneng ta shigo Gwarzo cefane sai ta biyo, su baje takardun a tsakar gida, su danne su da duwatsu, su yi ta musu a kan hammatar nan har la'asar.

Fasali ya kusa kammala, amma babu abin yankawa. A kasuwa shadda ce da boyel da akoko da alawayyo. Duk wanda Badi'a ta ce wa farar saƙar hannu take nema, siririya, sai ya ce ai zugu take nufi, rabonsa da ganinsa tun yana yaro. A ƙarshe wani direba ya ce mata akwai wani tsohon masaƙi a Masanawa, Malam Hammadu.

Ta je ta same shi a ƙofar gidansa yana saƙa gwado da zaren kamfani, ja da kore. Bayan sun gaisa ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya yi dariya, ba ta raini ba.

"Malama, saƙar ba wuya. Ga zare nan fari a kasuwar Kabo, ki sayo in yi miki."

"Baba, na hannu nake so."

"Na hannu? To sai ki nemo masu kaɗi. Ni dai ba na kaɗi."

Tsofaffi biyu ta samu a garin da suka ce suna iya tuna yadda ake murza mazari. Ta sayo musu auduga. Ɗaya ta ce sai an gurje irin, gurzar kuwa ba aikinta ba ne. Ɗaya ta fara, sai ciwon kafaɗa ya tasar mata. Damina ta faɗi kowa ya tafi gona. Bayan kaka aka shiga wahalar mai, Badi'a takan yi zaman tasha tun hantsi har azahar kafin motar Kabo ta cika, daga Kabo kuma sai ta roƙi mai babur. Albashi ya riƙa makara, akwai watannin da ko tashar ba ta iya zuwa ba. In ta samu ta je, sai ta tarar da ɗan ƙullin zare a cikin ƙwarya, a ce mata, "Ga shi nan muna yi."

Lukuman ba ya hana ta. Yakan dai ce, "Maman Adawiyya, wannan rigar taki ta fi gona cin wahala."

Cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Badi'a ta yi murna kamar kowa a gidansu, amma ba ta san abin da zai biyo baya a tsakar gidanta ba. Matan da a da gyale suke yafawa duk suka koma neman hijabi, teloli suka cika suka batse, sai aka tuna da cewa akwai keke a gidan malamin gona. Da ta dawo daga aiki za ta tarar da leda a rataye a ƙofar ɗakinta. Wata ta aiko, wata ta zo da kanta ta zauna.

"Ke da ba kuɗi kike karɓa ba, ai lada za ki samu. Zagaye ɗaya ne kawai da wajen fuska."

Zagaye ɗaya ne, amma na gida ashirin. Ga na 'yan makaranta, ga na ƙannen miji, ga na wadda ta ce nata ya matse mata haɓa a sake. Badi'a ba ta iya cewa a'a ba. Ta yi ta taka keke har ƙafarta ta riƙa kumbura, takardun siminti kuwa suna naɗe a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi musu saƙa.

A tsakanin nan ne Kaneng ta zo wata Asabar ba tare da kwandon cefane ba. Ta ce tafiya za su yi. Babu wanda ya taɓa su a Kabo, maƙwabtansu ma roƙonsu suke su zauna, amma tun rikicin Kaduna dangin mijinta Dalyop suka tasa shi gaba sai ya mai da iyali gida.

Badi'a ta ce, "Maman Promise, hammatar fa?" Sai da ta faɗa ta ji kunyar kanta.

Kaneng ta yi dariya har da hawaye. "Sista, ke dai ba ki da dama. Kawo takardar."

Suka baje ta a ƙasa, Kaneng ta ja layi biyu da alli, ta ce tana jin haka ne, amma sai an gwada a yadi za a tabbatar. Ba su sake haɗuwa ba.

Sai da aka haura shekara da fara zancen, sannan saƙo ya zo daga Masanawa cewa ta zo ta ɗauki kayanta. Malam Hammadu ya fito mata da shi a naɗe kamar faifai mai kauri. Ta warware kamu ɗaya ta ɗora a tafin hannunta. Ba fari tas ba ne, yana da ɗan duhu irin na madarar da aka dafa, da 'yan ƙulle-ƙulle nan da can inda zaren ya yi kauri. Yana da nauyi, yana warin hayaƙi da auduga. Daidai yake da na kakanta. A mota ta rungume shi a cinya har Gwarzo, ba ta yarda an sa mata shi a but ba.

Daga ranar ta fara cewa kekenta ya lalace. Ƙarya ce, ta kuma san matan sun gane, amma ledojin suka ragu. Ta wanke zugun, ta shanya a inuwa, ta buga shi a kan turmi da taɓarya a hankali har ya yi laushi. Sannan ta yanka shi tsawo-tsawo ta shiga haɗawa da hannu, gefe da gefe, ɗinki ƙanana yadda ta gani a Lakwaya. In ta yi kamu ɗaya ta ɗaga a rana ta ga layin ya fito, sai ta farke ta sake. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Watanni ta yi a haka, bayan la'asar zuwa magariba, har ta samu manyan falle biyu na gaba da baya, da ƙanana na hannuwa.

Saura yanka wuya. Nan ta tsaya. Sau uku tana shimfiɗa fallen, ta ɗora takarda, ta zana da alli, ta ɗauki almakashi, sai ta ajiye. In ta ɓata wuyan nan babu wani zugun. Ta ce bari ta jira hutunta na shekara, ta yi shi da safe hankali kwance. Ta ninke, ta naɗe a tsohon zane, ta ɗora a saman sif.

Ana saura kwanaki kaɗan ta fara hutun aka tura su rigakafi Sabon Birni. Da sassafe suka fita, motar ta lalace musu a hanya, ba su dawo ba sai bayan la'asar. Tana shigowa layinsu ta ga tabarmi a ƙofar gidan Jibirin, maƙwabcinsu mai gyaran rediyo, maza zaune shiru. Ta san mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ya ɗauko daga ƙauye watan jiya don jinya. Ta yi salati, ta wuce da kai sunkuye.

Lukuman yana cikin masu zaman. Da ya gan ta ya taso ya biyo ta har soro.

"Sannu da dawowa. Innar Jibirin ce, da hantsi. Har an kai ta."

"Allah ya jiƙanta. Bari in sa kayan nan in shiga."

"Dakata mana." Ya shafa ƙeya. "Akwai abin da na yi, gara ki ji daga bakina."

Ta tsaya da jakar magani a hannu.

Ya ce tsohuwar ta daɗe tana yi wa ɗanta wasiyya kada a yi mata likkafani da alawayyo, a nemo mata zugu irin wanda aka sa uwarta. Jibirin ya ɗauka akwai sauran lokaci. Da ta cika ya zaga kasuwa rumfa-rumfa bai samu ba, ya dawo ya zauna a ƙofar gida yana kuka kamar yaro, ga mutane sun taru, rana tana yi.

"Sai na tuna da naki," in ji Lukuman.

Badi'a ta wuce shi ta shiga ɗaki, ta taka kujera ta shafa saman sif. Tsohon zanen yana nan a ninke tsaf, shi kaɗai. Ta sauko ta zauna a bakin gado, jakar har yanzu tana kafaɗarta. Tana jin muryar liman daga waje yana addu'a, mutane suna amsawa. Ta daɗe a haka, sannan ta tashi ta yi alwala, ta yi salla, ta sa hijabi ta nufi gidan rasuwar, domin ba yadda za a yi maƙwabciya ta kwana ba ta yi gaisuwa ba.

Tana shiga tsakar gidan mata suka ɗago.

"Ga ta nan! Ga mai zugun nan!"

Matar Jibirin ta taso ta rungume ta tana kuka. Wata ta matsa mata a tabarma. Aka shiga sa mata albarka ta ko'ina, wannan ta ce Allah ya suturta ta yadda ta suturta baiwar Allah, waccan ta ce ashe duk ɗinke-ɗinken nan da ake mata dariya Allah ne ya tanade ta don wannan rana. Badi'a tana ta cewa amin, amin.

Tsohuwar da ta yi wa mamaciyar wanka ta matso kusa da ita ta dafa mata gwiwa.

"'Yar nan, hannunki na da kyau. Mun so mu farke ɗinkin mu rage faɗi, wallahi muka nemi bakin zaren muka rasa. Sai reza muka sa muka tsaga. Ga ɗan abin da ya ragu."

Ta miƙo mata wani ƙyalle da bai fi a ɗaure goro da shi ba. Akwai ɗan layin alli a gefensa. Badi'a ta karɓa ta dunƙule a hannu a cikin hijabi, ta ce, "Allah ya sa ta huta." Ta ƙara ɗan zama don kada a ce ta yi saurin tashi.

A gida ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwo, ta zuba wa yara. Da Lukuman ya shigo bayan magariba ta ajiye masa nasa ba ta dube shi ba. Ya ci loma biyu ya ture kwanon.

"Ki yi magana mana."

"Me zan ce? Kowa ya riga ya faɗa. Na samu lada."

"Maman Adawiyya, mutum yana kuka a gabana, gawar uwarsa a kwance, ni kuma na san abin yana saman sif ɗina. Me kike so in yi?"

"Sif ɗinka ne. Abin da ke kai ba naka ba ne."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ka aiko. Sabon Birni ba Makka ba ce, ga babur ɗinka nan."

"A ajiye gawa ana jiran a nemo ki gida-gida?"

"Ka san sau nawa na je Masanawa? Ka san watannin da na yi ina haɗa shi? Kana zaune a nan kana sauraron rediyo kana gani na!" Ta rage murya don kada a ji a maƙwabta. "Ko hijaban nan da suka ishe ni, masu su sukan yi sallama su ce don Allah."

Lukuman ya ce, "To da na aiko, da kin hana?"

Tun a gidan rasuwar take yi wa kanta wannan tambayar. Wani lokaci sai ta ga da ta bayar, ta yi kuka daga baya. Wani lokaci kuma sai ta ga kanta tana cewa a ɗauki na hannuwan a bar mata manyan, ko ma ta ce ba ta san inda ta ajiye ba. Ba ta sani ba, shi ne kuma ya fi ci mata rai.

Ta ce, "Da dai ka tambaya." Ta ɗauke kwanon ta fita.

Abin da ya fi damunta a kwanakin da suka biyo baya shi ne babu wanda za ta kai wa ƙara. Ta fara ba abokiyar aikinta labari, tun kafin ta kai ƙarshe matar ta ce, "Kai, masha Allah, kin dace." Ta je Lakwaya ta gaya wa Gwaggo Uwaliya, Gwaggo ta ce mijinta ya yi abin da ɗan halak zai yi, ta kuma ƙara da cewa in an sake saƙa wani a ajiye mata nata. Jibirin ya aiko da ƙwaryar gero da zabi biyu. Duk inda suka haɗu a layi sai ya cire hula ya durƙusa, dole ta tsaya ta amsa da fara'a. Hutun da ta yi ta jira ya zo, ta kwashe shi tana wanki da kwance.

Ran nan Lukuman ya shigo da leda ya ajiye mata a gado. Farar shadda ce mai kyau, ta san a wannan matsin ba ƙaramin ƙoƙari ya yi ba. Ta duba, ta mai da cikin ledar.

"Na gode. Amma ba ita ba ce."

"Fara ce dai."

"Baban Adawiyya, in manomi ya ce maka irin gero yake nema, ka kai masa shinkafa?"

Ranar Asabar da safe sai ta ji yana ta da babur, ya leƙo ya ce ta shirya ya kai ta Masanawa. Bai taɓa kai ta ba sai ranar.

Suka tarar da Malam Hammadu a gindin bishiya yana gyaran ƙotar fartanya. Labari ya riga su zuwa, ya yi wa Lukuman addu'a mai tsawo. Da Badi'a ta kawo maganar wani zugun sai ya girgiza kai.

"Malama, ga hadari nan ya fara haɗuwa, ni yanzu sai gona. Idona ma ba kamar bara ba, farin zare yana yi min wasa. Sannan masu kaɗinki, ɗaya ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa birni. Ɗayar kuwa kin san kafaɗarta."

"Ba wata kuma a garin nan?"

"Sai dai ki tambaya wajen Garo. An ce akwai wata. Ban san ta ba."

"In na samo zaren za ka yi min?"

"Mu ga bayan kaka, in da rai."

A hanyar dawowa, sun wuce Kabo da kaɗan, tayar baya ta yi faci. Babu mai faci kusa. Lukuman ya riƙa tura babur, ita tana biye da shi a gefen kwalta, rana ta take, takalminta yana cizon ta a dunduniya. Da suka yi nisa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na yi kuskure da ban aika ba."

Ta ce, "To."

"Amma in yau aka sake, zan sake roƙonki ki bayar."

"Roƙo dai."

Suka ci gaba da tafiya har suka iske wata rumfar mai faci, shi kuma ya tafi salla, sai da suka jira shi.

Da damina ta yi nisa Badi'a ta gaji da kallon takardun siminti. Ta je kasuwa ta sayo akoko, ta zauna ta tsattsaga shi siri-siri daidai faɗin tafin hannu, ta kalmashe gefunan, ta shiga haɗa su da allura kamar yadda ta yi wa zugun. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga tana yayyaga sabon yadi tana sake ɗinkewa, ta fita, washegari labari ya zaga unguwa. Wannan karon Badi'a ba ta ji tsoron almakashi ba, rana ɗaya ta yanke wuyan.

Ta gama taguwar gab da girbi. Lukuman da kansa ya ce a ba shi ya gwada. Ya sa, ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa, yara suna ta dariya suna cewa Baba ya zama mutumin da. Awon ya yi daidai, aljihun ya zauna inda ya kamata. Amma akoko ba shi da nauyi. Maimakon rigar ta sauka ta kwanta a jiki, sai ta tsaya ƙiƙam tana kumbura da iska, layukan ɗinkin kuma duk sun fito ɓaro-ɓaro saboda kalmasar.

"Ta yi kyau fa," in ji Lukuman.

"Cire."

"Wallahi zan iya zuwa masallaci da ita."

"Na ce ka cire."

Ya cire ya miƙa mata.

Da aka gama kaka ta je Garo sau biyu neman mai kaɗin. Zuwan farko aka ce ta tafi biki, na biyu ta same ta, tsohuwa mai raha, ta ce za ta yi amma mazarinta ya ɓace, sai an sassaƙa mata wani. Badi'a ta bar mata auduga ta dawo. Ta ba direban motar Kabo saƙo ya gaya wa Malam Hammadu cewa zare yana tafe, kada ya kwance masaƙarsa. Bayan mako biyu ta tare direban a tasha ta tambaye shi ko ya isar.

Ya ce, "Na gaya masa, Hajiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ji."